Lambar da ke Cikin Saitin Gwaji

Shayin mate ya huce a ƙoƙo, Evaristo na nan yana kallon layi guda a allon kwamfutarsa.

Daga ɗakinsa a Montevideo yake aiki, shi kaɗai, yana kula da manhajar da ke tuna wa marasa lafiya ranar ganin likita. Duk sanda za a harhaɗa ta, sai an faɗa wa kwamfuta saitin da za ta ɗauka, na gaske ko na gwaji. Na gaske yana aika saƙo ga dubban mutane. Na gwaji lambar waya ɗaya ya sani, kuma kullum ƙarfe tara na safe gwajin ke tashi da kansa.

Yau ya gano lambar ta Don Anselmo ce, tsohon da ya rubuta manhajar, ya yi ritaya shekara biyu da suka wuce. Shugabarsa Ximena ta ce a cire ta kafin masu bincike su zo ranar Litinin, domin wanda ya bar aiki ba shi da hurumi a ciki. Gaskiyarta ce.

Ya kira tsohon don ya ba shi haƙurin damun da aka yi masa. Don Anselmo ya yi dariya har da tari. Ya ce tun rasuwar matarsa wayar ba ta ƙara sai da wannan saƙon.

"Na san ƙarya ne, ɗana, ni na rubuta shi. Babu likitan da ke jirana. Amma in ya shigo, nakan ce, to, ragwayen nan ba su rushe mini gini ba tukuna."

Evaristo ya ajiye wayar bai faɗa masa za a cire lambar ba. Ya daɗe yana saƙawa yana kwancewa. In ya bar lambar, ya ci amanar aiki. In ya cire, wa ya cuta? Ya goge ta, ya sa tasa.

Washegari da tara wayarsa ta yi ƙara: likita na jiran Anselmo. Ya kwafi saƙon harafi da harafi, ya tura wa tsohon.

Amsa ta zo kafin ya ajiye wayar.

"Ka makara da minti huɗu. Gobe ka kiyaye."