Turaku a Ƙarƙashin Kainuwa

Guifen ta cusa manjagara ƙarƙashin kainuwa ta ɗago, ruwa yana tsiyaya daga baƙaƙen saiwoyin, ta juye cikin kwale-kwale. Ba ta ɗaga kai ba, amma kunnenta yana can bakin mashigi inda ake ta gwada lasifika. Tun da sassafe aka ɗaura jan ƙyalle tsakanin bishiyoyi biyu, aka jera kujerun roba, domin manya za su zo daga gunduma su ga sabon injin kwasar kainuwa yana aiki. Mai tuƙa shi kuwa Lanzhi ce.

Shekara ashirin da biyu Guifen da Lanzhi suka yi a kwale-kwale ɗaya. Tun da aka hana kamun kifi a tafkin, aka ɗauki matan masunta aikin kwashe ciyawar da ta rufe ruwa, su biyu suka haɗu. Guifen tana baya da gora tana tuƙi, Lanzhi tana gaba tana kwasa. Ciyawar ba ta da kunya. A share lungu yau, kafin mako biyu ta sake shimfiɗuwa kore shar, kifi ya mutu a ƙarƙashinta, wari ya bi mutane har ɗakin kwana. Duk ƙauyen an san babu wanda ya san tafkin kamar Guifen, don a jirgin ubanta aka haife ta. Lanzhi kuwa 'yar kan duwatsu ce, aure ya sauko da ita. Ranar da ta fara shiga ruwa sai da ta amayar da karin kumallonta, Guifen ce ta riƙe mata goshi.

Amma da aka ce a ba da sunan mutum ɗaya da za a tura birni koyon injin, sai Shugaba Tan, mai kula da ƙungiyar masu kwasar ciyawa, ya rubuta Lanzhi. Ya ce ta yi sakandare, za ta iya karanta littafin injin, kuma Guifen ta ba ta shekara shida. Guifen ta ce ai daidai ne. Har tasha ta raka ta, ta saya mata lemo na hanya. Da ta koma gida ta dafa shinkafa ta kasa ci.

Tun daga nan komai ya zama Lanzhi. Aka manna hotonta a allon bakin kasuwa, tana sanye da hular kwano tana murmushi. Mai sayar da awara ta tare Guifen ta ce ai dole ta yi alfahari, ƙawarta ta zama direba. Guifen ta ce ƙwarai kuwa, ta karɓi awararta, daga ranar ta koma bin hanyar bayan makaranta don kada ta wuce ta gaban allon.

"Yaya Guifen, matso mana," in ji Lanzhi daga kan injin.

Guifen ta tura gora ta matsa. Injin ya fi motar bas faɗi, an yi masa fenti shuɗi, gabansa da wani bel na ƙarfe mai haƙora da ke lasar ciyawa yana haurawa da ita. Lanzhi tana zaune can sama ƙarƙashin rumfa, sai da Guifen ta tura malafarta baya kafin ta ga fuskarta. Ta shafa jan baki. Shekara ashirin da biyu Guifen ba ta taɓa ganin ta da jan baki ba.

Lanzhi ta sunkuyo ta rage murya. Ta ce jiya ba ta yi barcin kirki ba. Ta ce Shugaba Tan ya canza wuri, ba tsakiyar ruwa za ta shiga ba, lungun da ke bayan tsohuwar gada yake so, don can kainuwar ta fi kauri, kuma masu ɗaukar hoto za su fi gani daga gaɓa.

"Lungun nan dai lafiya yake ko, Yaya?"

Lungun ba lafiya yake ba. Can uban Guifen ya kafa turakun tarunsa tun kafin a ƙara wa tafkin ruwa, turaku goma sha ɗaya na itace mai tauri, da tsohon taru na roba wanda ba ya ruɓewa, duk suna nutse kamu biyu ƙarƙashin ciyawa. Ita kaɗai ta rage da ta san da su. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai wata 'yar jarida mai kyamara a wuya ta ɗaga murya daga gaɓa.

"Inna, don girmanki ɗan ja kwale-kwalen nan gefe, yana ɓata mana hoton Kyaftin."

Lanzhi ta yi dariya ta rufe baki da hannu, ta gyara hularta. Guifen ta dubi dariyar nan, ta dubi jan bakin.

"Ke da kika yi karatun birni, ni za ki tambaya?" ta ce, kamar da wasa. Ta kafa gora ta ja baya.

Ta gaya wa kanta ba wani abu ba ne. Injin zai maƙale, ya yi ta gurnani a gaban manya, mutane su yi dariya, Shugaba Tan ya yi gumi, sannan wani ya tuna ya ce a kira Guifen. Iyakar abin ke nan. Ta tuƙa a hankali ta tsaya cikin ciyayin bakin gada, ta ajiye lauje kusa da ƙafarta.

Aka yi jawabai uku. Aka tafa. Injin ya tashi da ƙara, ya nufi lungun yana cin kainuwa, yana barin buɗaɗɗen ruwa a bayansa mai faɗin titi. Abin da Guifen da Lanzhi suke kwasa a yini guda, ya lashe shi kafin a gama shan kofin shayi. Yara suna gudu a gaɓa suna bin sa. Guifen ta kawar da kai, domin abin ya yi kyau, kuma Lanzhi ta iya.

Sai injin ya yi tsalle kamar ya yi tuntuɓe. Bel ɗin ya haɗo wani baƙin taru mai laka ya nannaɗe shi a haƙoransa, ya tsaya yana rawa. Hayaƙi ya tashi. Daga gaɓa Shugaba Tan yana ta ɗaga hannu yana nuna mata ta ja baya. Lanzhi ta waiga ta ga jerin manya da kyamarori, ta sauko daga kujerarta da sauri ba ta kashe injin ba, ta durƙusa ta kama tarun da hannun hagu ta fizga. Turke ɗaya ya karye a ƙasa, bel ɗin ya saki, ya ja tarun da hannun gaba ɗaya.

Ihun da ta yi ya fi ƙarfin ƙarar injin.

Guifen ba ta san lokacin da ta isa ba. Ta haye, ta danna jan maɓallin da ta taɓa ganin Lanzhi tana dannawa, ta sa lauje ta yanke tarun zare-zare har hannun ya fito. Ta cire ɗankwalinta ta ɗaure wuyan hannun tamau. Lanzhi ba ta ƙara yin kuka ba, fuskarta ta yi fari, jan bakin kaɗai ya rage. Guifen ta sauke ta cikin kwale-kwale a kan jiƙaƙƙiyar kainuwa ta tuƙa zuwa mashigi, kafin sauran jiragen su ko kwance igiya.

A motar Shugaba Tan aka kai ta asibitin gunduma, Guifen tana riƙe da hannun sama kamar yadda direba ya ce. Wajen la'asar likita ya fito ya ce cikin yatsu biyun da bel ɗin ya kama an ceci ɗaya, ƙaramin kuwa ya tafi, kuma hannun zai yi watanni kafin ya riƙe wani abu mai nauyi.

Mijin Lanzhi, Tsoho Bao, ya rufe shagon taliyarsa ya zo da gari a gwiwar hannu, yana kuka kamar yaro. 'Yarsu malamar firamare ta bar aji ta zo da romon kaza a kwano mai murfi. Suka kewaye gadon, wannan yana gyara matashi, waccan tana hura cokali. Guifen ta tsaya a bakin ƙofa da jini a hannun rigarta. Mijinta ya shekara tara da mutuwa, ɗanta yana wata masana'anta a kudu, sai lokacin sabuwar shekara yake zuwa. Ta kama kanta tana tunanin da ita ce a gadon nan, wa zai hura mata cokali. Kunya ta kama ta har ta juya ta fuskanci bango.

A nan Shugaba Tan ya same ta, 'yar jaridar nan tana biye da shi. Ya ce manya sun ga komai da idonsu, sun ce a rubuta sunanta, ba don ita ba da hannun ya tafi duka. 'Yar jaridar ta ce abin mamaki ne yadda ta riga kowa isa, sai ka ce ta san abin zai faru. Ta roƙe ta ta ɗaga hannun rigar mai jini don ya fito a hoto. Shugaba Tan ya ja ta gefe ya ce injin ba zai zauna ba ga damina tana ƙaratowa, zai sa masu injin su turo mutum ya koya mata a nan ƙauye, maganar littafi kuma a bar ta.

"Tun farko ke ya kamata, Yaya Guifen. Ni ne ban yi tunani ba."

Watanni uku tana jiran wani ya faɗi wannan maganar. Yanzu ta ji ta, ta gyaɗa kai kawai.

Da Tsoho Bao da 'yarsa suka sauka karɓo magani, Lanzhi ta yafito ta da lafiyayyen hannun. Guifen ta zauna a bakin gado. Ana jin tarin wata tsohuwa a gadon kusa.

"Shekara ashirin da biyu ina gaban kwale-kwale," in ji Lanzhi tana kallon silin. "Duk sanda muka shiga lungun nan sai ki karkata hagu, ki bi ta jikin gada. Ban taɓa tambayar ki dalili ba. Ɗazu da suke ɗinke ni na tuna."

Guifen ta dubi tafin hannunta.

"Turakun Baba ne," ta ce.

"Na yi zaton haka."

"Na ɗauka maƙalewa kawai zai yi, ƙanwata. Na ɗauka..."

"Ni na sa hannu ban kashe injin ba. A shafin farko na littafin aka rubuta kada a yi." Lanzhi ta juyo ta dube ta sosai. "Wannan laifin nawa ne. Naki kuma ki riƙe abinki, ba zan taya ki ɗauka ba, ba kuma zan gaya wa kowa ba. Bao zai iya zuwa gidanki da wuƙar yanka taliya, ni kuwa ba ni da hannun riƙe shi."

Guifen ta so ta yi dariya, hawaye suka zo maimakonta. Lanzhi ba ta rarrashe ta ba. Ta ce giyar injin ta ja da baya tana da tauri, sai an danna ta ƙasa kafin a ja, kuma ta riƙa toshe kunne da auduga. Sannan ta ce ta gaji, ta rufe ido.

Aka cire turakun goma da suka rage da babbar sarƙa, Guifen ce ta nuna wurin kowanne, aka yaba da ƙwaƙwalwarta. Aka sauke hoton Lanzhi daga allon kasuwa aka manna nata. Cikin mako uku ta iya injin, har mutumin da ya zo koya mata ya ce bai taɓa ganin mai karanta iska da ruwa kamarta ba.

Lanzhi ta dawo aiki bayan wata biyu, don ta ce zaman gida zai kashe ta kafin ciwon. Da yake ba ta iya ɗaga manjagara, aka haɗa ta da wata matar ƙungiya mai suna Caifeng, aka ba su aikin duba shingen gora da ke tare kainuwa a bakin rafi. Idan sun haɗu da Guifen a mashigi da safe Lanzhi takan gaishe ta da kyau, ta ce Yaya an tashi lafiya, ta wuce.

Wata ranar Talata da rana tsaka Guifen tana can sama a kujerarta, auduga a kunne, ita kaɗai a tsakiyar ruwa, sai ta hango su a inuwar gaɓa sun ɗaure kwale-kwale suna cin abinci. Caifeng ce ta buɗe wa Lanzhi kwano, ta tsinto wani abu daga nata ta sa mata. Lanzhi tana ba da labari, tana yarfa hannun nan mai yatsu huɗu, Caifeng ta kifa kai tana dariya har kwale-kwalen yana tangaɗi. Guifen ta zare audugar, amma ƙarar injin ba ta bar ta ta ji ko kalma ɗaya ba. Ta kai hannu kan makulli za ta kashe, ta tsaya. Ta mayar da audugar, ta danna giya ƙasa ta ja, ta juya injin ya fuskanci kainuwa.