Shukar Kabo a Tandabawi

Kabo mai sayar da ruwa yana hawowa tudun unguwar Tandabawi ta Makka da garewani biyu a kafaɗa sai ya yi turus. Can bisa dutse, bayan bukkokin kwano, ga wata tsuntsuwa tsaye, baƙa mai farin ƙirji da dogayen ƙafafu. Shamuwa! Rabonsa da ita tun yana saurayi, kafin ya baro ƙauyensu na ƙasar Daura da ƙafa, ya bi ta Sudan. Yau gemu ya yi fari fat.

A gida, in shamuwa ta sauka, damina ta ƙaraso ke nan. Nan take ƙamshin ruwan farko ya dawo masa, har da muryar mahaifinsa yana kiran a fito da sungumi. Kewar gida ta kama shi sosai.

Ya dire garewanin ya faɗa ɗaki, ya zaro wani tsohon ƙullin tsumma daga ƙasan akwati. Irin gero ne, bai cika tafin hannu ba, daga gonar mahaifinsa wanda ya rasu da burin zuwa Makka bai zo ba. Abin da ya rage masa na gida ke nan.

Matarsa Zali ta leƙo. "Malam, lafiya?"

"Shamuwa ta zo. Shuka zan yi."

"A Makka? Ya shaikh, ina ka ga hadari? Wannan matafiyiya ce, hutawa take yi. Irin ma ai ya girme wa 'ya'yanka."

"Ke dai ba ni wuri."

Tsoho in ya ƙi ji, sai ido. Ya tona 'yar ƙasar da ke tsakanin duwatsu, ya zuba irin, ya rufe da diddige yadda aka koya masa, ya juye garwa guda a kai. Ruwan kuwa ya kwashe ƙasar, ƙwayoyin suka fito fili.

Kafin ya juya, tantabaru sun sauko fuu, kamar an aika musu goron gayyata. Hannun manomi bai manta ba. Ya sunkuya ya rarumi dutse.

"Haram alaik, Malam!" in ji Zali. "Tsuntsun Harami ne, ko razana shi ba a yi."

Ya sani sarai. Ya tsaya da dutsen a hannu, yana kallo suna tsince gonar mahaifinsa ƙwaya ƙwaya. Sannan ya sake shi a hankali, don kada ƙararsa ta firgita su.

Da suka gama suka tashi gaba ɗaya, suka nufi wajen hasumiyoyin masallacin Harami. Shamuwar ma ta tafi abinta.

Zali ta matso, bakin tsokanar ya mutu. "Sannu, Malam."

Kabo ya share ido da gefen rawani, bai daina kallon sama ba.

"Bar su," ya ce. "Baba bai samu zuwa ba, amma ga geronsa can zai yi ɗawafi."