Kindirmon Adda Sadiyya

"Kada wanda ya taɓa kwanon nan!" in ji Abubakar Sadiq. Ya sa hankici ya ɗauki kwanon furar mahaifinsa da yatsa biyu. "Wannan shaida ce. Gwaji za a kai shi."

Ina tsugune ina wanke wa Inna Batulu tukunya. Katangarmu ɗaya da su, tun da mijinta Baba Maikasuwa ya kwanta nake shigowa taya ta aiki. Na leƙa kwanon. Kyanwa ta riga ta lashe shaidar.

A Dutse Abubakar Sadiq yake aiki. Ba wanda ya san wane aiki, amma yana da kati da yake ratayawa a wuya har a ɗakin mara lafiya. Ranar da ya iso Babura ya tarar da Adda Sadiyya, Bafulatanar da ke kawo wa Baba kindirmo, a bakin ƙofa tana cewa, "Bawana, ashe ba ka mutu ba? Yau na ƙara maka maganin, sha ka huta."

Baba Babarbare ne. Shekara talatin tana ce masa bawanta, yana ce mata ɓarauniyar shanu. Kowa ya san wasan Fulani da Barebari. Sai dai a yammacin nan Baba ya yi ta amai.

"Wasa ne, Sadiƙu," in ji Inna.

"Inna, ni fa na yi kwas a kan irin wannan."

Ya hana Adda shiga gidan. Kafin kwana uku magana ta zaga unguwa. Matan da suka girma da kindirmonta suka fara tuno ciwon cikin da suka yi bara. Adda ta bi layinmu da ƙwarya a ka, ba wanda ya kira ta. Ni ma, in faɗi gaskiya, da ta tsaya ƙofarmu ce mata na yi muna da saura. Ba mu da ko ɗigo. Farcenta na yi ta kallo, wai ko zan ga wani abu.

Likita ya ce ƙoda ce, ta daɗe da lalacewa. Abubakar Sadiq ya ce ai likitan ƙauye ne.

Ran Alhamis da hantsi Baba ya buɗe ido. "Ina ɓarauniyar nan?"

"Baba, mun dakatar da ita har a kammala bincike."

"Kai da wa? Muhsina, je ki kira min ita."

Na same ta a gindin dalbejiya kusa da 'yan acaɓa, ƙwarya cike. Ta ɗauki ƙwaryar ta biyo ni.

Ɗakin cike da mata, kowa idonta a kan ƙwaryar. Baba ya ce, "Bafulatana, ina maganin nawa? Ko mai kati ya ba ki tsoro?"

Na jira ta rama. Ban taɓa ganin ya faɗi ɗaya ba ta mayar da biyu ba. Sai ta durƙusa, ta ɗebi ludayi guda ta shanye da kanta, ta dubi Abubakar Sadiq, sannan ta ɗebo wa Baba.

Ya kurɓa sau biyu, rabi ya bi gemu. "Kin tsuga masa ruwa kamar kullum."

"Ban sa ba, Malam. Ka yafe mini abin da bakina ya faɗa."

Baba ya dube ta. Da ya yi magana, muryar ba ta wasa ba ce. "Ba ki yi mini komai ba, Sadiyya. Duk ku shaida. Batulu, ku sha, kada ya yi tsami."

Inna ta karɓi ludayin, ta sha, ta miƙa wa ta kusa da ita. Abubakar Sadiq ya fita amsa waya. Ni dai ban ji wayar ta yi ƙara ba.

Bayan azahar Baba ya cika.

Da maza suka tafi da shi, Adda ta zauna a ƙarshen tabarma, can wajen randa. Ƙwaryar na gefenta, ta yi rabi. Tana kore ƙuda da faifai a hankali, kanta a sunkuye.