Hannun Sumana

Istudiyon Isaka ɗaki ne guda a unguwar Banifandou, bayan shagon wani tela, an lulluɓe bangonsa da kwalin ƙwai. Nan Balkisa ta yi muryar waƙarta, ganga da kiɗan bas duk sun shiga. Gita kawai ta rage, kuma gidan rediyon da ya yi mata alkawarin sa waƙar ya ce a kawo ta kafin magariba, in ba haka ba a ba wani wurin.

Ita Sumana, gwanin gita, take so ya buga. Da la'asar zai hau bas zuwa Agadas, wajen wani biki. Isaka ya taɓa zama ɗan gita na biyu a ƙungiyarsa, suka rabu da faɗa, Sumana yana cewa yaron ya tafi masa da kiɗi biyu. Tun daga nan ba su sake gaisawa ba.

Sumana ya shigo, ya dubi ɗakin, bai ga na'urar ƙara sautin gita ba.

"Ina ampili?"

"Babu," in ji Isaka, bai ɗago daga ordinata ba, wato kwamfutarsa. "Kai tsaye za mu sa. Ga waya."

Ya soka wayar a wani ƙaramin akwati da ke kan tebur, wanda shi ke kai sauti cikin ordinata. Akwatin yana da maɓalli na murɗawa da ƴar fitila. In sauti ya shiga daidai, fitilar kore ce. In ya fi ƙarfin akwatin sai ta koma ja, a yanke kan sautin, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa.

"Patron, buga da iya ƙarfin da za ka buga cikin waƙar. In auna."

Sumana ya yi murmushi. Ya ɗan taɓa igiyoyin da yatsa, a hankali, wani kiɗin da ko ɗan koyo ya iya.

"Shi ke nan ƙarfin?"

"Shi ke nan."

"Yaya Sumana," in ji Balkisa, "ba haka kake bugawa ba."

"Ƙanwata, ba a shanya hatsi gaban kaza. Abin da na tanadar miki sau ɗaya zai fito, lokacin da inji ke ɗauka."

Isaka ya murɗa maɓallin sama, ya ƙara murɗawa, har ɗan taɓin nan ya cika kore. Ya ce an shirya.

Waƙa ta tashi. Sumana ya bar baiti na farko ya wuce da sauƙi. Da amshi ya zo sai ya saki hannu, irin bugun da ke tayar da mata daga kujera a bikin Lamorde. Fitilar ta koma ja, ta zauna a ja. Isaka yana kallon fitilar, hannuwansa a harɗe. Bai tsayar ba har ƙarshe.

Aka mayar don a ji. Duk inda Sumana ya buga da ƙarfi, sautin ya fashe, yana ƙarar yagewar leda, ya danne muryar Balkisa.

"Ya satire," in ji Isaka.

"To ai haka nake so. Gitata kullum satire take."

"Na ampili daban, wannan daban. Wancan ado ne, ni ma ina iya ƙara maka shi daga baya. Wannan ɓarna ce. Sai an sake."

"A sake?" Sumana ya yi dariya. "Ka ji sau ɗaya bai zauna maka ba, kana son na biyu. Har yanzu kunnen naka bai yi sauri ba, yaro."

"Yana cikin ordinata, patron. In sata nake so, sai in saurara sau ɗari."

Sumana ya daina dariya. Da alama bai yi wannan tunanin ba.

"Goge shi."

"Ba naka ba ne, nata ne."

Balkisa ta shiga tsakani. Ta ce Isaka ya fita waje, ita da kanta za ta rage maɓallin har fitilar ta tsaya kore, Yaya Sumana ya buga sau ɗaya tak. Isaka ya ce babu mai taɓa masa kaya alhali yana waje. Sumana kuwa ya riga ya zare waya, yana sa gita a jaka.

"Don Allah, Yaya."

"Ki gaya wa ɗan kwalin ƙwai ya gyara. Ba injiniya ba ne?"

Ya fita. Suka ji tashin motonsa, sai ƙarar keken tela ta dawo.

Balkisa ta daɗe tana kallon allo, inda sautin gitar ya zama shafaffe sama da ƙasa kamar an datse shi da almakashi.

"Ana iya gyarawa?"

"A'a."

"Kai ka san hannunsa. Shekara nawa kana tsaye bayansa."

"Na sani."

"Ka san ba ƙarfinsa ke nan ba, ka murɗa sama."

"Abin da aka ba ni na auna. In kina so ni in buga miki, yanzu sai in buga."

Ta dube shi. Ta ciro kile, ɗan abin da ake kwafar waƙa a ciki, daga jakarta ta ajiye kan tebur.

"Cire gitar. Sa mini sauran a nan, yadda yake."

"Ba gita? Rediyo za su ce waƙar fanko ce."

"Su ce."

Ya cire, ya kwafa mata. Ta karɓi kilen, ta fita neman taksi, ba ta yi masa sallama ba.