Damin da Verna Ke Cirewa

Arvid Tollerud ba ya jin wari, ba ya jin ƙamshi. Tun yana da ƙarfinsa tiyon tankin takin ruwa ya fashe masa a fuska a gonar alkama. Ya kwanta asibiti, ya fito da ransa da idonsa, amma hancin ya zama na ado. Daga ranar matarsa Verna ta zama hancinsa. Ita ke shinshina madara kafin ya zuba a kofi, ita ke ce masa rigar nan ta isa wanki tun shekaranjiya. Kowace shekara kuma, ranar da aka fara kunna tanderun ɗumama gida da ke ɗakin ƙasa, sai ta tsaya kan ragar ƙarfen da ɗumi ke fitowa ta cikinta a falo, ta ɗaga kai, ta ja iska, ta yanke hukunci.

"Ƙura ce ke ƙonewa. Zuwa yamma ta wuce."

A wata shekarar ta ce ɓera ya mutu a bututu. Aka kwance aka duba, ɓeran ne kuwa.

Verna ta rasu lokacin da ƙanƙara ke narkewa, gab da shuka. Bayan an watse daga makabarta, 'yarsu Rhoda, wadda ke aikin jinya a birnin Fargo, ta zaunar da uban a kicin ta yi masa magana irin ta masu jinya, ba kwana-kwana.

"Baba, na bar maka hunturu ɗaya ka gwada. Amma in na ji wani abu, ko ka faɗi a matakala, ko ka manta tukunya a wuta, zan zo in ɗauke ka. Akwai ɗaki a gidan tsofaffin da ke kusa da ni."

Arvid ya san gidan, ya taɓa zuwa gaida wani abokinsa a can. Tagar ɗakin na kallon wurin ajiye motoci. Shi kuwa a gidan nan aka haife shi, a ɗakin sama, nan ya kawo Verna amarya, nan yake so a fitar da gawarsa. Ya ce mata ya ji, ya kuma ƙudurta a ransa cewa ko tari ya yi, Fargo ba za ta ji ba.

Da Oktoba ta raba, ya yi abin da kowa ke yi a wannan yanki namu na Dakota ta Arewa: ya zagaye gindin gidan da dammunan karan alkama don kada iska ta shiga ta ƙasa, ya manne tagogi da leda, ya cusa tsumma a duk wata kafa. A bangon arewa, ƙarƙashin tagar kicin, akwai wata 'yar kafa mai raga da ke shiga ɗakin ƙasa. A kanta suka yi shekaru suna faɗa. Shi ya toshe da dami, ita ta zo da ƙugiya ta janye damin ta kai bayan akurkin kaji.

"Ta nan iskar arewa ke shiga ta daskarar min da ƙafa," in ji shi.

"Sa safa biyu. Bar tanderun ya sha iska."

"Yana da bututun hayaƙinsa a rufi, iskar me kuma?"

Ba ta tsayawa gardama, janye damin kawai take yi. Bana ya ɗora shi a wurin, ya danna da gwiwa har ya zauna daram. Sai ya ga ya tsaya, ƙugiya a hannu, yana jiran a buɗe ƙofar kicin a yi masa tsiya. Ba a buɗe ba. Ya ci gardamar da ya yi rabin rayuwarsa yana nema, kuma ko kaɗan bai ji daɗin cin ba.

Da yamma ya sauka ya kunna tanderun, ya hau ya tsaya kan ragar falo, ya ɗaga kai ya ja iska yadda take yi. Banza, ko ɗigo bai ji ba. Ya tsaya nan tsakiyar falo, tsoho shi kaɗai da hanci sama, har kunyar kansa ta kama shi.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi ɗumi fiye da kullum. Tagogi suka riƙa zufa ta ciki. Kansa na nauyi da safe, idanunsa na zubar da ruwa ba gaira ba dalili. Bai yi mamaki ba, ai mutumin da ya binne matarsa dole ya yi hawaye, ya ma ga sun makara. In ya fita ba kaji abinci sai ya ji kan ya washe, ya ce ai dama aiki ne maganin kewa. Abu ɗaya ke masa ƙaiƙayi a rai: bana ba wanda ya tsaya kan ragar nan ya ce ƙura ce. Ya yi tunanin kiran mai gyaran tanderu, sai ya tuna matar mutumin ƙawar Rhoda ce tun makaranta. Kafin motarsa ta bar ƙofar gida labari ya isa Fargo, har da ƙari.

Sai dabara ta zo masa. Zai ari hanci ba tare da ya ce a ba shi aro ba.

Ranar Lahadi bayan an tashi coci ya tare Myrtle Aasen a bakin matakala. Maƙwabciyarsu ce, gonarta na gaba da tasu, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma aminiyar Verna ce. Hancinta sananne ne, ta taɓa mayar da man shanu a liyafar coci ta ce ya kwana kusa da albasa.

"Ki biyo ki sha kofi mana," ya ce.

Ta kalle shi ta saman tabarau. "Kai? Ka ma san inda tukunyar kofi take?"

"Na binciko ta. Ashe a kicin ake ajiye ta."

"To bari in zo in ga ko kana da rai ko gizo kake mana."

Ta zo da rana tsaka, ɗauke da tasar dankali da nama a lulluɓe da tawul. Ya buɗe mata ƙofa ya ja gefe, ya kafe fuskarta da ido. Ta sa ƙafa ɗaya ciki, ta ɗan dakata. Ya ga hancinta ya motsa.

"Gidanka da ɗumi," ta ce.

Ya kai ta kujerar da ke daf da ragar, da gangan. Ba ta cire kwat ɗinta ba. Suka yi hirar farashin alkama, da sabon fasto mai dogon wa'azi, da ƙafar da ke damunta. Can sai ta ciro hankici ta share ido. Shi ma ya share nasa. Ya ji wani sanyi a ransa, ga shi yau ya samu abokin kuka, tun ranar binnewa bai samu ba.

"Gidan dai yana nan yadda ta bar shi, ko?" ya tambaya, yana juya cokali a kofi kamar maganar ba ta dame shi ba.

Myrtle ta kalli labule, ta kalli agogon bango. "Yadda ta bar shi. Ka yi ƙoƙari, Arvid."

Ba ta shanye kofin ba ta miƙe, wai ta bar abu a wuta.

Mu mutanen nan kara za ta kashe mu wata rana, kuma ba wasa nake ba. Mutum ya gwammace ya haɗiye harshensa da ya ce wa maƙwabci gidansa na wari, balle tsohon da matarsa ta rasu bana. Shi kuma ya gwammace ya mutu a kujera da ya buɗe baki ya ce shinshina min. Ta yi masa kara, ya yi mata wayo, kowa ya rabu da ɗan'uwansa yana ganin ya kyauta.

Arvid ya rufe ƙofa da sauƙin rai. Hancin da ya kama albasa a man shanu ya zauna daf da ragar bai ce komai ba, ai magana ta ƙare. Ya ƙara murɗa ɗumin, ya zauna a kujerarsa ya miƙe ƙafa. Barci mai daɗi ya soma jan sa, irin wanda rabonsa da shi tun Verna na da rai.

Wayar bango ta yi ta ƙara. Ta katse, ta sake. Da ƙyar ya kai gare ta, yana dafa bango.

"Baba, ni ce." Muryar Rhoda ba wasa. "Myrtle ta kira ni yanzu. Ta ce gidan na wari, ta kasa gaya maka. Wai ko shara ce ta fi ƙarfinka."

Kunya da fushi suka taso masa tare. "Munafuka. A nan ta zauna ta ce na yi ƙoƙari."

"Bar wannan. Na tambaye ta wane irin wari, ta ce kamar bayan tsohuwar mota, mai yaji a ido. Kanka na ciwo?"

"Kan tsoho ai ba ya rasa ciwo."

"Baba. Damin da Mama ke cirewa, ka cire shi?"

Ya waiga wajen tagar kicin.

"Ta nan tanderun ke shan iska. In ka toshe, wutar ba ta ci da kyau, hayaƙin ya dawo cikin gida. Wanda Myrtle ta ji ma mai sauƙi ne, mai kisan ba shi da wari ko kaɗan. Mama ta sha gaya maka, kai ne ba ka saurara. Ajiye wayar nan ka fita. Kada ka sauka ƙasa, kada ka tsaya neman takalmi. Bar ƙofar a buɗe."

"Rhoda, ki ji..."

"Fita, Baba. Don Allah."

Bai taɓa jin ta ce masa don Allah da irin wannan muryar ba. Ya saki wayar tana lilo. Falon na juyawa. A bakin ƙofa ya fizgi wata riga daga maratayi, ya banke ƙofar ya fita da safa. Iskar waje ta mare shi. Ya durƙusa kan 'yar ƙanƙarar da ta zuba da safe ya yi ta amai.

Motar Myrtle ce ta fara isowa, sannan ta 'yan kwana-kwana na ƙauye da Rhoda ta kira, duk yaran da ya sani tun suna goye. Suka rufe gas ɗin tanderun daga tanki, suka yage ledar tagogi, ɗayansu ya sa hannu ɗaya ya janye damin ya jefar gefe. Wanda ya sauka ɗakin ƙasa da abin rufe fuska ya fito ya ce bangon tanderun ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Ba wanda ya yi wa Arvid faɗa. Da ma sun yi, da ya fi masa sauƙi.

Myrtle ta sa shi a motarta ta rufa masa bargo a ƙafa. Suka zauna suna kallon gidan, ƙofofi da tagogi a wangale.

"Me ya hana ki gaya min?" ya ce.

"Me ya hana ka tambaya?"

Can ta ce, "Rhoda ta taso. Ta ce in kai ka asibitin gari a duba jininka, can za ta same mu. Ta ce in gidan ya sha iska in dawo in haɗa maka kaya, da kai za ta koma Fargo."

"Zan gaya mata kuskure ne. An cire damin ai. Shi ke nan."

Myrtle ta gyara masa bargon. Ya sunkuyar da kai, sai a lokacin ya ga abin da ya fizgo. Ba kwat ɗinsa ba ne. Rigar sanyin Verna ce ta ulu, ruwan toka, mai faci a gwiwar hannu, wadda take sawa in za ta ɗebo ƙwai. Ya juya ta a hannunsa.

"Ba gidan ba ne fa, Myrtle," ya ce. "Ni gani nake tana nan a cikin kayan. A labule, a matashi. Ko ban ji ba, na san ina zaune a ciki." Ya miƙa mata rigar. "Shinshina min. Wannan karon kada ki yi min kara."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta kai fuskarta, ta daɗe. Ta juya wuyan rigar ta sake, ta gwada cikin aljihu. Ya ga bakinta ya soma shirya magana mai daɗi, ya ga ta haɗiye ta.

"Hayaƙi ne kawai, Arvid."

Ya gyaɗa kai. Ya karɓi rigar ya ninke ta a cinyarsa, hannu kan hannu, yadda ake ninke wanki.

"Tayar da motar," ya ce. "In kin dawo haɗa kayan, ƙaramin akwati ya isa."