Tikitin Malam Thoai

A duk faɗin Vietnam babu masu girmama waƙa kamar mu mutanen Hanoi. Girmamawar ta kai har muna ganin rashin kunya ne a sa mata farashi. Mutumin kirki ba ya sayen tikiti. Kawo masa ake yi har ofis cikin jar ambulan, a miƙa da hannu biyu, shi kuma ya karɓa da hannu ɗaya.

Khiem ya san haka, don shekara goma sha tara ke nan yana shirya mana taron waƙa. Ya kuma san abin da muke so: makaɗa talatin a kan dandali, kowace mawaƙiya ta sauya riga a kowace waƙa, ga hayaƙi, ga fitilu masu juyawa. Shekarar da ya rage makaɗa zuwa goma sha biyu, waɗanda suka shiga kyauta ne suka fi cewa an raina su.

Saura kwana uku wasan bana, yayarsa Nguyet, wadda ke riƙe masa kuɗi, ta ajiye takarda a gabansa.

"Kujera dubu. Ɗari huɗu da goma ka rabar. In ba mu sayar da ɗari biyar ba, babu kuɗin makaɗa."

"Yaya, mutanen nan ba a hana su."

"Ai na sani. Har likitan haƙorinka ya sami huɗu. Haƙori nawa ya cire maka kyauta?"

Waya ta cece shi. Matar Darakta Luong ce, mai kamfanin simintin da ya biya kuɗin fitilu. Surukarta ta zo daga ƙauye, ana son ƙarin kujera ɗaya a layin gaba, daf da tata.

"Ranki ya daɗe, an gama," in ji Khiem, har da sunkuya wa wayar.

Nguyet ta duba jerin sunayen. "Kujerar da ke kusa da tata ta Malam Thoai ce. Kuma jiya da hannunka ka kai masa."

* * *

Malam Thoai ne ya koya wa Khiem kiɗa tun yana ɗan shekara goma sha huɗu. Waƙoƙi uku daga cikin na bana shi ya rubuta su, bai taɓa tambayar ko sisi ba. Tun rasuwar matarsa yake zaune shi kaɗai a hawa na huɗu na wani tsohon bene, yana lallaɓa fanshonsa. Khiem ya hau matakalar yana tsara ƙarya, kafin ya kai sama ta nuna.

Ambulan ɗin na kan teburin tunawa da magabata, a jingine da hoton matar, kusa da turare.

"Malam, masu buga tikiti sun yi kuskuren lamba. Zan karɓa in kawo wani."

Tsohon ya zuba masa shayi, ya zuba wa kansa. Sannan ya tashi ya ɗauko ambulan, ya miƙa da hannu biyu.

"Masu bugu kam sai haƙuri," ya ce. "Tun kana yaro in ka makara, keken ne ke da laifi. Sha shayinka, ɗana, kada ya huce."

Khiem ya sha. Ya ƙona masa harshe, ya kusan jin daɗin hakan.

Ya yi niyyar komawa, wannan gaskiya ne. Amma Nguyet ta kulle sauran tikitin a durowa, ta ce duk wanda zai fita sai da kuɗi. Zai iya sa hannu a aljihunsa ya saya. Ya ce gobe. Goben ta zo da rigimar tela da ta mai janareta, ya sake cewa gobe.

* * *

Ranar wasa da la'asar, an sayar da ɗari huɗu da sittin. Khiem na tsaye a cikin ɗakin sayar da tikiti, bayan Nguyet, yana leƙen harabar ta gefen labule. Kamar kullum, mata 'yan kasuwar bayan fage sun cika bakin ƙofa da jajayen ambulan a hannu. Manya sun ba direbobinsu, direbobi sun sayar, yanzu ana tallar kyautar Khiem a rabin kuɗi a gaban tagarsa.

Sai ga Malam Thoai cikin tsohuwar kwat mai ruwan toka, an goge ta har ta yi ƙyalli a gwiwar hannu. Wata mai tikiti ta tare shi.

"Kaka, layi na biyu, wurin manya. Kuɗinsa Dong dubu ɗari shida, don kai ne. Har ƙamshin turaren mawaƙiya za ka ji."

"A shekaruna me zan yi da ƙamshin? Na gode, 'yata."

"A taga dubu ɗari takwas ne fa, can ƙarshen sama, kusa da bayi."

"Na ji. Amma na taga shi ke shiga hannun yaron."

Khiem ya ji komai. Taku huɗu ne tsakaninsa da ƙofa. Yana iya fita ya kama hannun malaminsa ya shigar da shi, ya sa masa kujera ko a gefen dandali. Sai ya tarar da kansa yana lissafi: ɗari huɗu da sittin da ɗaya. Ya ja baya kaɗan, inda labulen ya rufe shi.

Nguyet ta ɗago ta ga wanda ke gabanta. Ta waiwaya tana neman ƙanenta, ta ga takalminsa kawai a ƙasan labule. Ta daɗe tana kallon takalmin.

"Malam, ina wuni. Bari in..."

"Ɗaya, 'yata. Na sama. Kunne na zo da shi, ido ya riga ya yi ritaya."

Ya ciro kuɗin daga aljihun ciki, a ɗaure da roba, ƙananan takardu da suka sha hannu. Ya ƙirga su a kan katako, ya miƙar da wadda ta lanƙwashe, ya tura ta ƙarƙashin gilashi. Aka ba shi tikiti, ya nufi matakala, yana hawa yana hutawa.