Kujerar Baba Yoila a Ajin Kwamfuta

Ka san tsohon nan, kada ka ce ba ka san shi ba. Kullum kana wuce ƙofar gidansa a Lamisula, ka ɗaga masa hannu ba ka ko rage tafiya ba, kana ganin ka yi gaisuwa.

Ni ma haka nake, har ranar da Baba Yoila ya shigo ajin da nake koya wa tsofaffi kwamfuta a Limanti. Shekara talatin ya yi yana buga tafireta a ofishin gwamnati. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Jos.

Kwas ɗin wata uku ne. Wanda ya ci jarrabawa a ba shi satifiket, ya bar wa wani kujera. Baba ya faɗi sau biyu. Hajiya Safinatu, shugabar cibiyar, ta ce mini in ya sake faɗi sai dai ya haƙura, mutane na jira. Shi bai san da wannan ba.

Ranar jarrabawar na tsaya a bayansa. Cikin minti huɗu ya gama wasiƙar da aka ba su su buga, babu kuskure ko ɗaya. Sai ya koma sama, a natse, yana ɓata kalma guda a kowane layi, tsaf a jere. Ko kuskure bai iya yi barkatai ba.

"Baba, me kake yi haka?"

Bai ɗago ba. "Malam ƙarami, in na ci, ran Litinin ina za ni?"

Ya ce a gida daga safe har yamma rediyo kaɗai ke magana. A nan kuwa Malam Inuwa, maƙwabcin kujerarsa, kan ce da shi sarkin faɗuwa, shi kuma ya rama.

Na shiga ofishin Hajiya a fusace, na ce mun koya musu aika saƙo, ba mu tambaya ko akwai mai amsawa ba. Ta bar ni na gama. Ta ce kujeru goma sha biyu ne, ba ta da ta sha uku. Amma Baba ya riƙa zuwa duk Litinin yana nuna wa sababbi inda ake ɗora yatsu.

Da na gaya masa, ya gyara wasiƙar, ya karɓi satifiket ɗinsa. Rana ɗaya ya samu a mako, saura shida.

Akwai tsoho a layinku. Yau bayan la'asar ka je ka zauna a tabarmarsa, wayarka a aljihu, ka bar shi ya yi magana har ya gama.